Maganin Barci da na Kwantar da Hankali a Gwajin Ƙwaya: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda likita ya ɗora a kan maganin barci, ko na fargaba, ko na farfaɗiya, hankalinsa kan tashi ranar da aka ce za a yi masa gwajin ƙwaya, ko a wurin neman aiki, ko a asibiti, ko bayan hatsarin mota. Mun tattaro tambayoyin da aka fi yi, domin masu shan maganin bisa umarnin likita da kuma ma'aikatan da ke karanta sakamakon.

Waɗanne magunguna ake nufi?

Gida uku ne manya. Na farko benzodiazepine, wanda ya fi kowanne yawa a hannun mutane: diazepam (Valium), alprazolam (Xanax), lorazepam (Ativan), clonazepam (Rivotril ko Klonopin), bromazepam (Lexotan), temazepam, oxazepam da midazolam. Kakansu chlordiazepoxide ya shiga kasuwa a 1960 da sunan Librium, diazepam ya biyo baya a 1963. Gida na biyu barbiturate, tsofaffin magunguna da aka rage amfani da su saboda saurin kisa idan an zarce kima. Phenobarbital, wanda aka fara amfani da shi tun 1912, shi ne ya rage da ƙarfinsa saboda masu farfaɗiya, sai butalbital da ake haɗawa a wasu magungunan ciwon kai. Na uku su ne magungunan barci na baya-bayan nan: zolpidem, zopiclone, eszopiclone da zaleplon.

Akwai kuma waɗanda ke sa barci amma ba 'yan waɗannan gidaje ba ne, irin su trazodone, quetiapine, hydroxyzine, promethazine, gabapentin da pregabalin. Nasu lissafin daban ne, za mu zo kansa.

Kowane gwajin ƙwaya yana neman su?

A'a. Gwaji ba ya ganin abin da ba a umarce shi ya nema ba. Gwajin nan mai rukuni 5 da gwamnatin Amurka ta wajabta wa direbobin manyan motoci da matuƙa jirgin sama, wanda kamfanoni da yawa a duniya suka kwaikwaya, yana neman wiwi, hodar iblis, amphetamine, dangin opioid (irin su morphine da codeine) da ƙwayar maye mai suna PCP ne kawai. Babu benzodiazepine a ciki, babu barbiturate. Sai an hau zuwa mai rukunai da yawa, kamar 10 ko 12, ake samun su. A jikin kofin gwajin fitsari za ka ga BZO ko BZD, wato benzodiazepine, da BAR, wato barbiturate. In babu waɗannan haruffa, ba a neme su ba. Kana da damar tambayar wanda ya turo ka gwajin ko wane iri ne za a yi.

Yaya gwajin yake gano maganin?

Mataki biyu ne, kuma yawancin rikicin da ake samu daga rashin bambance su yake tasowa.

Matakin farko gwajin tacewa ne, mai sauri da araha, wanda ake yi da kofi ko tsinken takarda ko injin ɗakin gwaji. A cikinsa akwai wani sinadari da aka shirya ya kama duk abin da ke da siffar wani magani. Ba sunan magani yake karantawa ba, siffa yake bi. Rariya ce mai manyan idanu: wani abin da ake nema ya zube ta ƙasa, wani da ba a nema ya maƙale. Akwai kuma iyakar da aka sa masa. A fitsari, iyakar benzodiazepine da ta barbiturate yawanci nanogiram 200 ko 300 ce a kowace mililita. Abin da bai kai wannan adadi ba, gwajin zai ce babu, ko da akwai.

Mataki na biyu gwajin tabbatarwa ne, da injin GC-MS ko LC-MS/MS. Wannan yana rarrabe sinadaran da ke cikin fitsarin ɗaya bayan ɗaya, ya auna nauyin kowanne, ya fitar da sunansa da adadinsa. Yana ɗaukar 'yan kwanaki kuma ya fi tsada. A ra'ayinmu bai halatta a kori mutum daga aiki, ko a yanke masa magani, ko a kira shi maƙaryaci, a kan gwajin farko kaɗai ba. Takardar da ke zuwa cikin kwalin gwajin ita da kanta tana cewa sakamakon na wucin gadi ne sai an tabbatar.

Ina shan clonazepam kowace rana, amma gwajin ya ce babu komai. Yanzu likita na zargin ba na sha, ko ina sayarwa. Me ya faru?

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun mu a duk wannan fanni, domin tana ɓata sunan mutanen da ba su yi laifin komai ba.

Sinadarin da ke cikin yawancin gwajin farko an shirya shi ne ya kama oxazepam ko nordiazepam, wato abubuwan da diazepam ke komawa a jiki. An tsara shi a zamanin da diazepam ke mulkin kasuwa. Clonazepam kuwa, kusan duka hanta ke juya shi zuwa wani abu mai suna 7-aminoclonazepam, ɗan kaɗan ne ke fita a fitsari da siffarsa ta asali. Shi kuma wannan ɓurɓushin bai yi kama da abin da sinadarin ke nema sosai ba. Ƙari a kan haka, ƙwayar clonazepam ƙarama ce, miligiram 0.5 zuwa 2, alhali ta diazepam miligiram 5 ko 10 ce. Ga ƙarancin adadi, ga rashin kama, sai a kasa kaiwa iyakar 200 ɗin.

Lorazepam ma haka yake kuɓucewa, ta wata hanyar. Hanta tana liƙa masa wani sinadari mai suna glucuronide don ya narke ya fita a fitsari, kuma da wannan liƙin gwajin farko ba ya gane shi da kyau. Wasu ɗakunan gwaji suna fara zuba wani sinadari, beta-glucuronidase, ya warware liƙin kafin a auna. Kofin da ake karantawa nan take ba ya yin wannan.

Abin yi: ka roƙi likitan ya tura fitsarin gwajin tabbatarwa, kuma ya rubuta a takardar cewa a nemi 7-aminoclonazepam, ko lorazepam, da sunansa. In kana sha, zai fito.

Diazepam kaɗai aka rubuta mini, amma sakamakon ya kawo sunaye uku. Ina sauran suka fito?

Daga hantarka. Diazepam yana komawa nordiazepam da temazepam, su biyun kuma su koma oxazepam. Matsalar ita ce temazepam da oxazepam magunguna ne masu zaman kansu da ake sayarwa, don haka wanda bai san wannan hanya ba zai ɗauka magani uku mutum ya haɗa. Ganin nordiazepam, temazepam da oxazepam tare shi ne ainihin sawun diazepam. Mai shan chlordiazepoxide zai nuna nordiazepam da oxazepam. Mai shan temazepam zai nuna shi da ɗan oxazepam, amma ba zai nuna nordiazepam ba, domin hanyar ba ta komawa baya. Alprazolam, clonazepam da lorazepam kuwa ba sa haifar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan mai shan alprazolam ya nuna nordiazepam, to lallai wani maganin ya shiga jikinsa, kuma tambayar da likita zai yi tana kan hanya.

Kwana nawa maganin ke daɗewa a fitsari?

Ya danganta da tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ya rage maganin da rabi. Na alprazolam kusan awa 11 ne, na lorazepam kusan awa 12, na clonazepam awa 30 zuwa 40. Na diazepam awa 20 zuwa 50, amma nordiazepam da yake haifarwa kan kai awa 100, wani lokaci har 200. Magani na buƙatar a rage shi da rabi kusan sau 5 kafin a ce ya tafi.

A aikace, masu gajeren zango kamar alprazolam, lorazepam da temazepam ana ganin su kwana 1 zuwa 5 bayan shan ƙarshe. Clonazepam kan wuce mako guda idan an neme shi da injin tabbatarwa. Diazepam na 'yan kwanaki kan kai kwana 10, amma wanda ya yi watanni yana sha, ana iya ganin sawunsa mako 4 zuwa 6 bayan ya daina, saboda maganin yana taruwa a kitsen jiki yana tsiyayowa a hankali. Phenobarbital mako 2 zuwa 3, barbiturate masu gajeren zango kwana 1 zuwa 4. Waɗannan ƙiyasi ne na gaba ɗaya, ba alkawari ba ne ga jikin wani mutum.

Me ya sa ya fi daɗewa a jikin wani fiye da wani?

Shekaru na kan gaba. Masana magunguna suna da wani lissafi na sauƙi game da diazepam: awannin da jiki ke ɗauka ya rage shi da rabi sun yi kusan daidai da shekarun mutum. Ɗan shekara 20 kusan awa 20, ɗan shekara 80 kusan awa 80 zuwa 90. Sai ciwon hanta, sai ƙiba, sai wasu magungunan da ke tare hanyar hanta, irin su omeprazole da cimetidine na gyambon ciki, waɗanda ke rage saurin fitar diazepam. Lorazepam, oxazepam da temazepam ba su cika damuwa da wannan ba, shi ya sa likitoci suka fi zaɓar su ga tsofaffi da masu ciwon hanta.

Zolpidem ko zopiclone fa? Za su fito a matsayin benzodiazepine?

Ba za su fito ba. A ƙwaƙwalwa wuri ɗaya suke taɓawa da benzodiazepine, amma ginin sinadarinsu daban ne, kuma gwajin siffa yake bi. Sai an nemi zolpidem da sunansa, kamar yadda ake yi a binciken hatsari ko na 'yan sanda. Ko an nema, ba ya daɗewa: cikin awa 2 da rabi jiki ke rage shi da rabi, a fitsari kuma kwana 1 zuwa 3. Gabapentin da pregabalin su ma sai an yi musu gwaji na musamman.

Ban taɓa shan irin waɗannan magunguna ba, amma gwajin ya nuna akwai. Zai yiwu?

Ƙwarai. An san magunguna uku da ke yaudarar gwajin farko na benzodiazepine: sertraline na ciwon damuwa, oxaprozin na ciwon gaɓoɓi, da efavirenz, ɗaya daga cikin magungunan cutar HIV. Na ƙarshen yana da nauyi na daban, domin bayyana shi yana nufin bayyana cutar da mutum ke da haƙƙin ɓoyewa. Shi ya sa bayanin magani wurin likita ya kamata ya tsaya, kada ya kai teburin shugaban ma'aikata. A ɓangaren barbiturate, an samu rahotannin ibuprofen da naproxen sun ruɗa wasu nau'o'in gwajin.

Akwai kuma ta ɗaya gefen, inda maganin da ke sa barci yake fitowa da sunan abin da ya fi shi muni. Trazodone da promethazine kan sa layin amphetamine ya nuna akwai. Quetiapine kan fito a matsayin methadone, wani magani na dangin opioid. Diphenhydramine da doxylamine, waɗanda ake saye ba takardar likita don mura ko rashin barci, an gan su sun fito a matsayin methadone ko PCP. Duk waɗannan gwajin tabbatarwa yana wanke mutum daga gare su, domin injin ba ya ɗaukar sertraline a matsayin diazepam.

Ina da farfaɗiya, primidone nake sha. Ya shafe ni?

Ya shafe ki. Hanta tana mayar da wani kaso na primidone zuwa phenobarbital, don haka layin barbiturate zai nuna akwai, kuma gwajin tabbatarwa zai ce phenobarbital ne. Wannan ba kuskuren gwaji ba ne, takardar likitanki ce za ta yi bayani. Haka mai shan maganin ciwon kai da ke ɗauke da butalbital.

An sa ni barci a asibiti don tiyata ko duba ciki da na'ura. Zai fito?

Idan midazolam ko diazepam aka yi maka, zai iya. Midazolam kwana 1 zuwa 2 yake yi, diazepam ya fi haka. Mutane da yawa ba su ma san an ba su ba. In gwaji na tafe cikin mako biyu bayan aikin, ka karɓi takarda daga asibitin mai nuna sunan maganin da ranar.

Yawu, jini da gashi fa?

Jini yana nuna abin da ke yawo a jiki yanzu, daga 'yan awanni zuwa 'yan kwanaki, shi ya sa shi ake ɗiba idan ana son sanin ko magani na aiki a jikin direba lokacin hatsari. Fitsari ba ya iya amsa wannan tambaya. Yana cewa an sha a kwanakin baya, amma ba ya faɗin ƙwaya nawa, ko ƙarfe nawa, ko mutum na cikin maye. Adadin da ke kan takarda yana hawa da sauka da yawan ruwan da aka sha.

Yawu ba shi da ƙarfi a kan benzodiazepine. Kusan duk maganin yana manne da furotin ɗin jini, na diazepam ya kai kashi 98 cikin 100, ɗan abin da ya rage ne ke tsallakawa zuwa yawu. Kwana 1 zuwa 2 ake samu, kuma ana yawan kuskure shi.

Gashin kai yana tsiro kusan santimita 1 a wata. Ana yanke santimita 3 zuwa 4 daga gindi, wanda ke ba da tarihin kusan kwana 90. Sai bayan kwana 7 zuwa 10 gashin da ya ɗauki maganin ke fitowa saman fata, don haka ba ya nuna shan jiya. Benzodiazepine ba ya shiga gashi sosai kamar hodar iblis, shan sau ɗaya yakan wuce ba a gani ba.

To in daina shan maganin kafin ranar gwaji?

Kada ka yi. Muna faɗin wannan da babbar murya. Wanda ya yi makonni yana shan benzodiazepine ko barbiturate kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba da shi, kuma yankewa farat ɗaya na kawo karkarwa, zufa, bugun zuciya, rashin barci mai tsanani, ruɗewa, da jijjiga irin ta farfaɗiya wadda ke iya kisa. Da alprazolam ko lorazepam abin kan fara cikin kwana 1 zuwa 2. Da diazepam kan jinkirta zuwa mako guda, mutum ya ɗauka ya tsira, sannan ta same shi, wataƙila yana kan tuƙi. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta wannan gargaɗi a jikin takardar kowane benzodiazepine. Mai farfaɗiya da ya ajiye phenobarbital ko clonazepam kuwa, haɗarinsa ninki biyu ne.

Kuma ga shi an gudu ba a tsira ba: wanda ya daɗe a kan diazepam, ko ya daina mako biyu kafin gwajin, sawun na nan. In kana son rabuwa da maganin, likita ne zai tsara ragewa sannu a hankali, sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako 2 zuwa 4, abin da kan ɗauki watanni.

Me zan shirya kafin in je?

Ka rubuta duk abin da ka sha a wata guda da ya wuce, har da na mura da na ciwon jiki da ba likita ya rubuta ba. Ka riƙe takardar likita, da kwalin maganin mai ɗauke da sunanka da kwanan wata, da lambar asibitin ko kantin maganin da ya ba ka. Takardar ta zama taka ce kuma ba ta tsufa ba. Ƙwayar da 'yar'uwa ko aboki ya ba ka, ko da shi likita ne ya rubuta masa, ba ta da mai kare ta.

A wurin gwajin, ka tsaya a rufe kwalbar a liƙa mata hatimi a gabanka, ka duba sunanka ko lambarka kafin ka sa hannu. A tsarin da ya inganta ana raba fitsarin kwalba biyu. A dokar sufuri ta Amurka mililita 45 ake karɓa, 30 a kwalba ta farko, 15 a ta biyu, kuma mutum na da awa 72 bayan an sanar da shi sakamako ya nemi a gwada ta biyun a wani ɗakin gwaji daban. A irin wannan tsari akwai likita na musamman da ke duba sakamako kafin ya isa ga kamfani. Shi zai kira ka, shi za ka nuna wa takardunka. Ka ɗauki wayarsa, domin in ya neme ka bai same ka ba, zai miƙa sakamakon yadda yake.

Shan ruwa da yawa na wanke maganin?

Ba ya ƙara wa hanta sauri ko kaɗan. Fitsarin kawai yake tsinkawa, kuma ɗakin gwaji na auna wannan. Idan sinadarin kiriyatinin, wanda ƙoda ke fitarwa a fitsari, ya gaza miligiram 20 a kowace desilita, kuma nauyin fitsarin ya yi ƙasa, za a rubuta cewa tsinkakke ne, a sake kiran ka. Ana kuma duba ɗuminsa cikin minti 4, ya kasance tsakanin digiri 32 da 38. Ga mai shan magani bisa ƙa'ida a asibitin da ke son tabbatar yana sha, tsinkakken fitsari cutar da shi zai yi, domin zai ɓoye maganin da ake son gani. Ruwa lita-lita cikin ɗan lokaci kuma yana zubar da gishirin jini har ya kai ga suma.

In ina da takardar likita, shi ke nan babu matsala?

Ta wanke ka daga zargin shan ƙwaya ba bisa ƙa'ida ba, amma ba ta amsa tambayar ko za ka iya aikin lafiya. Direba, mai sarrafa babban inji, mai aiki a saman gini, likitan kamfani na iya cewa maganin bai dace da aikinsu ba, ya nemi a canza shi ko a canza lokacin sha. Wannan ba zalunci ba ne. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta rage ƙa'idar zolpidem ga mata daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an ga yana kaiwa safiya a jininsu da adadin da ke lalata tuƙi.

A Ingila da Wales, tun watan Maris na 2015 doka ta sa iyaka a jinin direba: maikirogiram 550 a lita ga diazepam, 50 ga clonazepam, 100 ga lorazepam, 300 ga oxazepam, 1,000 ga temazepam. Wanda ya sha yadda likita ya umarta yana da kariya ko ya haura iyakar, matuƙar tuƙinsa bai lalace ba. In ya lalace, takarda ba ta ceton sa. Kowace ƙasa da dokarta.

Na sayi kofin gwaji na gida. Layi na biyu ya fito dishi-dishi. Akwai ne ko babu?

Babu. Wannan gwaji a juye ake karanta shi, saɓanin gwajin juna biyu. Layi biyu, a wajen haruffan C da T da ke jikin kofin, na nufin ba a samu maganin ba, ko ya gaza iyaka, komai dusashewar layin T. Layi ɗaya a C kaɗai shi ne akwai, domin maganin da ke cikin fitsarin ne ya hana layin T fitowa. In layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake da sabo. A karanta a minti 5, kada a wuce minti 10, kuma a duba ranar lalacewar kayan.

Ƙwayar da aka saya a intanet ko a hannun wani, mai tambarin Xanax ko Valium, za ta fito da sunanta?

Ba lallai ba, domin sau da yawa abin da ke jikin tambarin ba shi ne a ciki ba. Jabun ƙwayoyi kan ƙunshi etizolam, bromazolam ko flualprazolam. Wasunsu suna sa gwajin farko ya nuna akwai, sai gwajin tabbatarwa ya ce babu, saboda ba sa cikin jerin sunayen da aka saita wa injin. Likitan da ya ga irin wannan saɓani ya nemi ɗakin gwajin ya faɗaɗa jerin. An kuma samu fentanyl, wani opioid mai ƙarfi ƙwarai, a cikin wasu jabun, kuma haɗuwar opioid da benzodiazepine tana tsayar da numfashi. Duk wanda ya sha irin wannan ƙwaya aka kasa tashe shi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓɓansa suka canza launi, a kwantar da shi ta gefe a kira agajin gaggawa nan take, a kuma tafi da sauran ƙwayar asibiti.